Yadda Ake Shirya wa Jarrabawar JAMB da Wayar Hannu, Ko Ba Kwamfuta a Gida

Na daɗe ina koyar da darasin yamma ga yaran da suka gama sakandare suna jiran JAMB, a wani ɗan aji da muke ara bayan an tashi Islamiyya. A zamaninmu fensir ne da takarda, ka yi ta cike ƙananan gidaje har yatsa ya yi kanta. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta fara gwada jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuwa ta yi sallama da takarda ɗungurungum. WAEC ma ta kama hanya, ta fara da masu rubutawa daga waje a 2024. Yawancin yaran da nake koyarwa ba su da kwamfuta a gida, wasu ma ranar jarrabawar ce ranar farko da za su zauna gabanta. Amma kusan kowane gida akwai waya, kuma wayar ta isa, muddin ka ɗaura mata linzami. In ka sake ta, ita za ta hau ka.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Waya ƙirar Android. Ba sai mai tsada ba. Tsohuwar Tecno ko Itel mai fasasshen gilashi ta wadatar, in dai tana buɗe bidiyo kuma tana riƙe caji.

Layi naka na kanka, wanda wani bai taɓa yin rajistar JAMB da shi ba.

Lambar NIN, wato lambarka ta katin ɗan ƙasa.

Katin memori, domin bidiyo yana cin wuri, kuma in wayar aro ce sai ka zare abinka ka sa a wata.

Littattafan rubutu guda 5: ɗaya ga kowane darasi cikin huɗun da za ka rubuta, na biyar kuma na kurakurai. Zan yi bayaninsa a gaba, shi ne ya fi sauran muhimmanci.

Littattafan karatunka na sakandare. Kada ka kyautar da su don ka samu waya.

Kibod na kwamfuta mai igiyar USB, ko da kwance ne, da ɗan mahaɗin nan da ake kira OTG. A Kano za ka same su a Farm Centre, a sauran garuruwa kuma duk inda ake sayar da kayan waya. Mutum biyar za su iya haɗa kuɗi su sayi guda ɗaya.

Hanyar caji. Fawa bank in da hali, in babu sai ka shirya da mai shagon caji na unguwarku, ka riƙa kai wayar da safe lokacin da kake kan littafi.

In ke mace ce kuma a gida ba a yarda ki riƙe waya ba, kada ki ja da Baba. Ki roƙi Umma ta ba ki tata na awa biyu a rana, a tsakar gida inda kowa ke gani. Ɗalibaina mata da dama haka suka yi, kuma ƙayyade musu lokacin ma alheri ya zame musu.

MATAKAI

1. Ka gyara maganar layi da NIN tun kafin a buɗe rajista

Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN. Za ka rubuta NIN, ka bar tazara, ka sa lambobinka 11, ka tura zuwa 55019 ko 66019, sai a aiko maka da lambar da za ka sayi fom da ita. Sunanka da ranar haihuwarka daga rumbun hukumar katin ɗan ƙasa ake ɗauko su, saboda haka in a can an rubuta Muhammad, a takardar WAEC kuma Mohammed, ko an juya maka suna da na mahaifi, je ka gyara tun yanzu. Gyaran yana ɗaukar lokaci, rajistar kuma ba ta jiran kowa.

Kuskuren da na fi gani shi ne yin amfani da layin mai kafe ko na wani yaya da ke shirin tafiya ci-rani. Da wannan layin za ka duba sakamako, ta nan saƙonnin hukumar za su zo. Ka adana shi kamar takardar gida, ka riƙa sa masa ɗan kati don kada a rufe shi.

2. Ka share wayar ka mai da ita aji

Ka goge TikTok. Na san za ka ce akwai malamai a ciki, gaskiya ne akwai, amma ban taɓa ganin wanda ya shiga don darasin minti uku ya fito bayan minti uku ba. Facebook da Instagram ma ka ba su hutun wata uku. A WhatsApp ka kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye, domin nan ne data ke zurarewa ba ka sani ba. Yawancin wayoyin Android suna da wani sashe a cikin saiti mai suna Digital Wellbeing, inda za ka ga awa nawa ka kashe a kowace manhaja, ka kuma sa mata iyaka. Duba shi sau ɗaya, kunya kaɗai za ta gyara ka.

3. Silabas kafin bidiyo

Ka shiga shafin JAMB na intanet ka nemo silabas ɗin darussanka da kundin da ke nuna haɗin darussan da kowane kwas ke buƙata. Kyauta ne. Turanci dole ne ga kowa. Mai son likitanci zai haɗa da Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, mai son injiniya kuma Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Hausa da Larabci da darasin addinin Musulunci duk suna cikin darussan da ake rubutawa, amma ka duba ko kwas ɗin da jami'ar da kake so sun karɓe su. Akwai kuma littafin labari da ake wajabtawa a darasin Turanci, yana canzawa, don haka ka tabbatar na shekararka ne a hannunka ba na yayanka ba.

Ka kwafe kanun silabas ɗin da hannunka a shafin farko na kowane littafi. Gefen kowane batu ka sa alama: wanda ka iya, wanda ka ɗan ji ƙamshinsa, da wanda ko a mafarki ba ku taɓa haɗuwa ba. Wannan jerin shi zai gaya maka abin da za ka nema a intanet. Wanda ya shiga YouTube ba jeri a hannu kamar wanda ya shiga Kantin Kwari ne bai san yadin da ya zo saye ba, sai magariba ta yi masa yana zagaye.

4. Ka sauke da dare, ka karanta da rana

Kamfanonin layi suna da datar dare mai rahusa, daga wajen sha biyu zuwa asuba. Sau ɗaya ko biyu a mako ka saye ta, ka sauke darussan makon gaba ɗaya, ka kashe data. Kada ka ce za ka yi karatun a daren, kai dai ka sauke ka kwanta.

Ka rage ƙarfin hoton bidiyo zuwa 360p. Malamin da ke rubutu a allo ba ya buƙatar hoto garau, kuma 720p yana cin ninki biyu ko fiye. Manhajar Khan Academy kyauta ce, tana barin a sauke darasi a kalla ba data, ta kuma yi kyau ƙwarai a lissafi da kimiyya, sai dai ba bisa silabas ɗinmu aka tsara ta ba, kai za ka tsinci abin da ya shafe ka. Akwai Nigeria Learning Passport, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, ita kuwa bisa tsarin karatun ƙasar nan take. A YouTube akwai malaman Najeriya masu yawa da ke bin silabas ɗin JAMB batu bayan batu, har da masu bayani da Hausa.

In data ta gagara, ku yi karo-karo: mutum ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender. Ba ta cin ko sisi.

Gargaɗi: tara darasi ba karatu ba ne. Na taɓa karɓar wayar wani yaro na tarar da bidiyo sun fi 200 a memori, ya jera su tsaf kowane darasi da jakarsa. Na tambaye shi nawa ya kalla, ya sosa ƙeya. Ka sauke abin da za ka iya cinyewa a mako, ka gama, ka goge.

5. Yadda ake kallon darasi

Nan ne mafi yawa ke ruɗar kansu. Bidiyo yana da daɗi, malamin yana warware lissafi kamar yana ɓare gyaɗa, kai kuma kana kwance a katifa kana gyaɗa kai, ka ɗauka ka iya. Ba ka iya ba, shi ne ya iya.

Ka zauna a tabarma ko kan benci, littafi a buɗe, biro a hannu, ka jingina wayar da wani abu. Da malamin ya rubuta tambaya, ka tsayar da bidiyon kafin ya fara amsawa, ka gwada da kanka. Ko ka kasa, ƙoƙarin nan shi ke buɗe wa bayanin ƙofa. Sannan ka sake shi ka ga inda kuka rabu. In ya gama, ka kifa wayar, ka rubuta abin da ka fahimta a layi biyar ba tare da leƙe ba. Abin da ya ƙi fitowa, shi ne ba ka gane ba, sai ka koma daidai wurin. Bidiyon minti 15 yakan ci minti 40 a haka, kuma daidai ke nan.

Wannan damar ta tsayarwa da maimaitawa ita ce babban abin da waya ta kawo wa ɗalibi. A ajin da mutum 80 ke zaune, wa zai ce wa malam ya maimaita sau huɗu? Bidiyo ba ya gajiya, ba ya harararka.

In da Hausa ka fi ganewa, ka nemi bayanin da Hausa, ba abin kunya ba ne. Amma sunayen abubuwa ka haddace su da Turanci yadda suke a littafi, domin da Turanci tambayar za ta zo. Ka fahimta da harshen gida, ka ajiye kalmar da harshen jarrabawa.

6. Tambayoyin shekarun baya da littafin kurakurai

Duk batun da ka gama, a ranar ka nemi tambayoyin baya a kansa, guda 20 zuwa 30. Akwai manhajoji da dama masu aiki ba data da suka tara su, wasu kyauta, wasu sai an biya. Ka zaɓi wadda ke da agogo, mai kuma bayanin amsa ba harafi kawai ba.

Sai dai kada ka ɗauki amsar manhaja kamar yankan wuƙa. Mutane ne suka shigar da su, kuma na sha kama kuskure, musamman a lissafi inda alama ɗaya in ta ɓace tambaya ta canza. In amsarka ta saɓa da tasu kuma kana da hujja, koma littafi, ko ka kai wa malami.

Yanzu littafi na biyar. Duk tambayar da ka faɗi, ka kwafe ta a ciki da hannu, ka rubuta amsar daidai, sannan a ƙasa ka rubuta dalilin faɗuwarka da gaskiya: ban san batun ba, ko na sani na manta, ko gaggawa na yi ban ga kalmar da ta juya tambayar ba. Bayan mako biyu za ka ga ciwonka da idonka. Wata ɗalibata ta gano cewa kusan rabin kurakuranta na Bayoloji daga tambayoyin da ke cewa wanne ne ba ya ciki suke, tana karantawa a guje ta zaɓi na farkon da ta gane. Ba ƙarin karatu take buƙata ba, rage gudu take buƙata. Kowace Juma'a ka sake amsa abin da ke cikin littafin nan. A makon ƙarshe shi kaɗai za ka riƙe.

Kada ka haddace cewa amsar tambaya kaza C ce. A kwamfuta ana iya juya jerin, kuma na kusa da kai ba lallai tambayoyinku su zo iri ɗaya ba.

7. Zauren WhatsApp da manhajojin da ke amsa tambaya

Zaure yana da amfani in ƙarami ne: mutum 6 zuwa 10 masu darussa iri ɗaya, da malami ko wani ɗan jami'a guda a ciki. Ku sa doka: ba gaisuwar Juma'a, ba tallan atamfa, ba muhawarar ƙwallo. Ku tsayar da lokaci, misali bayan isha'i, kowa ya kawo tambaya ɗaya da ta gagare shi, wanda ya iya ya yi bayani da saƙon murya. Mai bayanin ya fi kowa ƙaruwa. Zauren mutum 500 kuwa kasuwa ce, fita ka bar musu.

ChatGPT da Meta AI da ke cikin WhatsApp sun iya bayani, kuma za ka iya cewa su sauƙaƙa ko su ba ka wani misali har sai ka gane. A nan suna da rana. Amma sukan yi kuskure, kuma ba sa nuna alamar shakka in sun yi. Mun taɓa ba wata irin wannan manhaja tambayar Kemistiri ɗaya sau biyu a aji, ta ba mu amsa biyu mabambanta, kowacce da dogon bayani mai kama da gaskiya. Ka tambaye su yadda ake yi, amsar ƙarshe kuwa ka tabbatar da ita a littafi.

Duk wanda ya ce yana da tambayoyin gobe, ko zai ƙara maka maki a na'ura in ka tura kuɗi, ɗan damfara ne. Kada ka ba shi lambar rajistarka ma.

8. Ka koya wa hannunka kibod

Waya shafa ake yi, kwamfuta dannawa. Yaron da ya ƙware a waya yakan zauna gaban kwamfuta ya kai yatsa yana shafa gilashinta. Na ga wanda ya ɗaga maus sama yana kaɗawa yana jiran kibiya ta motsa. Ba daƙiƙanci ba ne, rashin sabo ne, kuma kwana uku ya isa ya warke.

Ka soka OTG a wayar, ka haɗa kibod. A wasu wayoyin, kamar Tecno da Infinix, sai ka kunna OTG a cikin saiti tukuna. Maus ma yana aiki ta nan, za ka ga 'yar kibiya ta bayyana. An tsara jarrabawar yadda ko ba ka taɓa maus ba za ka gama da haruffa kaɗan: A, B, C da D na zaɓen amsa, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki, Y na tabbatar da miƙawar, R kuma na fasawa ka koma kan aikinka.

Yanzu dubi kibod ɗin da kyau. A layin tsakiya, S tana zaune ne tsakanin A da D, kafaɗa da kafaɗa. A layin ƙasa B da N maƙwabta ne. Wato harafin da ke rufe jarrabawa yana tsakiyar haruffa biyu da za ka danna sau da yawa. In yatsanka ya zame ya taɓa S, kwamfutar za ta tambaye ka ko ka tabbata. Kada ka firgita ka danna abin da ka ga dama. Ɗauke hannunka, karanta abin da ta rubuta, danna R. Wani yarona ya dawo yana hawaye, ya ce wani akwati ya fito masa yana tsaka da darasi na biyu, ya danna don ya kore shi, shi ke nan. Tun daga ranar nake sa kowane ɗalibi ya yi wannan kuskuren da gangan a aji, ya kuma fita daga cikinsa.

In ba kibod, ka zana shi a kwali da girmansa na gaske, wani ya riƙa kiran haruffa kana dannawa. Sannan ko sau biyu ne ka biya kuɗin awa ɗaya a kafe ka taɓa na gaske. In kuma da hali, lokacin rajista ka zaɓi jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gasken. Ba ta shiga makinka, amma za ka ga ɗakin, ka ji sanyinsa ko zafinsa, ka ga yadda tambaya ke fitowa.

9. Ka saba da agogo

Tambayoyi 180 ne: Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne, jimillar maki 400, a cikin awa 2. Raba ka gani, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Wannan lissafin ya fi kwamfutar kayar da yara.

Wata ɗaya kafin jarrabawa, sau biyu a mako ka yi cikakken gwaji: darussa huɗu, minti 120, ba tashi, ba amsa kira. Ka yi shi da safe, don jiki ya saba aiki a lokacin. Ka fara da darasin da ka fi ƙarfi. Tambayar da ta tsaya maka a wuya, ka zaɓi wadda ta fi kama da gaskiya, ka riƙe lambarta, ka wuce, in lokaci ya ragu ka dawo. Ba a rage maki don an faɗi tambaya, saboda haka kada ka bar ko ɗaya fayau. Dogayen nassoshin Turanci su ke cinye lokaci, sai ka fara karanta tambayoyin kafin nassin, ka san abin da kake farauta. Ka kuma saba karanta dogon rubutu a gilashi, don ido yakan ɓata layi. Kalkuleta a cikin kwamfutar take, mai sauƙi ce, don haka ka daina dogaro da babbar nan ta makaranta.

A 'yan shekarun nan azumi yakan faɗo cikin watannin shiri, ga zafin bazara. Bayan sahur da sallar asuba kai ya fi ɗauka, sai ka kai darasi mai wuya can, ka bar maimaici zuwa bayan la'asar.

10. Makon jarrabawa

Ka buga takardar da ke nuna cibiyarka da rana da lokaci da zarar an ce a buga. Ka je ka ga wurin da ƙafarka kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ka san kuɗin mota da tsawon tafiya. In wani gari aka tura ka, ka kwana can.

'Yan mata, ku ji wannan da kyau: da zanen yatsa ake tantancewa a rajista da kuma ƙofar shiga, lalle kuwa yana iya hana na'ura gane yatsa, hukumar ma ta sha yin gargaɗi a kai. Ko bikin yayarki ne, ki bar yatsunki fari har ki fito. Maza masu aikin gini ko kanikanci, ku ɗan huta wa hannu a makon, ku wanke shi tas.

Waya da agogo da kalkuleta ba sa shiga ɗakin, ka bar su a gida ko wurin wanda ya raka ka. In ka zauna, ka duba suna da hoto da darussan da suka fito naka ne, ka karanta umarnin da ke fuskar kwamfutar ko da ka san shi. In ta tsaya ko ta mutu, kada ka taɓa igiyar wuta ko soket, ɗaga hannu ka kira mai kula da ɗaki nan take, ka kuma tabbatar ya rubuta abin da ya faru.

Idan an sanar da fitowar sakamako, ka rubuta UTMERESULT a haɗe, ka tura zuwa 55019 ko 66019 daga layin nan na mataki na 1, da ɗan kati a ciki. Bayan nan sai ka riƙa leƙa sashen CAPS a shafin JAMB na intanet, inda gurbin karatu ke fitowa, domin in an ba ka sai ka shiga da kanka ka danna karɓa.